Firaimar da Ka Ce Za Ka Kawo

Daga ofishin Babban Sufeto mai kula da fentin jiragen ƙasa na Arewa baki ɗaya, zuwa ga Injiniya Habila, ɗan Sabon Garin Zariya a da, mazaunin Ingila a yanzu.

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa manya, muna fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yaran nan biyu da muke gani a hoto cikin rigunan sanyi. Mun zaɓi mu rubuto maka a nan shafin 'yan unguwa, a gaban kowa, don an shaida mana cewa saƙon ƙananan mutane ba ya samun amsa a wajenka. Yana isa, a ga alamar ka buɗe, daga nan sai shiru. Takarda mai kan ofis kuwa an ce har sau biyu kake karanta ta. To ga ta nan.

Maganar jirgi ce ta kawo mu. Ba wanda ke wucewa ta tasha ba, ƙaramin nan na mahaifinka, Baba Istifanus, a Unguwar Gabas.

Shekara huɗu ke nan da ka aiko mashi da kwali. A ciki akwai kan jirgi irin na gawayi, a wargaje, gutsi-gutsi, wasu na tagulla wasu na wani farin ƙarfe mai taushi, da takarda mai zanen yadda ake haɗawa. In an gama, tsawonshi bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsu ba. Kyauta ce mai kyau, ba mu rage maka komai ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarshi yana makaniki a ƙarƙashin irin wannan kan jirgin, me ya fi shi dacewa da shi? Ka yi dabara. Ka samo abin da zai cinye mashi lokaci har ya manta bai gan ka ba.

Wata goma sha ɗaya ya yi yana haɗawa. In babu wuta, a kan gawayi yake gasa ƙarfen liƙe dalma. Ya ɗaura gilashin ƙara girma a jikin tabaraunshi da zare. Ranar da usur ɗin jirgin ya faɗi, abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya share ɗakin kaf, ya tara sharar a tire, ya tankaɗe ta da rariyar marigayiya mahaifiyarka har ya same shi. Da ya gama ya fito da jirgin ƙofar gida, yara suka kewaye shi. Jikin nan cike da 'yan ƙusoshi a jere kamar ƙwayar gero. Ya ce na gaskiyar ma haka suke, kuma kowace ɗaya akwai wanda ya buga ta da hannu.

A ranar ne ka kira. Ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji ɗanshi, saboda haka kada ka ce ƙarya ake maka, shaidu sun fi goma. Ka ce: “Baba, kada ku shafa mashi komai. Fentin gida zai ɓata shi. Akwai firaima ta musamman ta tagulla, ni zan zo da ita da Kirsimeti mu fesa tare.”

Tunda kai injiniyan kwamfuta ne, bari ofishinmu ya ɗan yi maka karatu. Firaima ita ce shimfiɗar farko da ake yi wa ƙarfe kafin a sa launi. Akwai ja, mai kauri, mai mai, ta ƙofar ƙarfe da tankin ruwa. Akwai ruwan toka ta jikin mota, wadda ake fesawa bayan an cike lotsawa an goge da sanfefa. Sai ta ukun, ta tagulla da alminiyam, sirara ce kamar ruwan koko, tana da ɗan abin da ke cizon ƙarfen ya kama. Tagulla santsi gare ta, ba ta riƙe fenti. In ka fesa mata launi kai tsaye, ko ka sa mata firaimar da ba tata ba, ranar da ya bushe farce ma ɓare shi zai yi kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Kuma ba ta son maiƙon hannu. Inda yatsa ya taɓa, nan fenti zai fara tashi. A nan dai ka faɗi gaskiya: akwai firaimar da ta dace da ita. Wannan kaɗai ne gaskiyar da ke cikin maganarka.

Baba ya san duk wannan tun kafin a haife ka. Shi ya sa daga ranar bai ƙara taɓa jirgin da hannu tsirara ba. Farar safa ya ware, yana zura hannu a ciki. Duk Asabar sai ya wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, don tagulla in ta zauna dushewa take yi, ya shanya shi a tire a ƙofar gida, ya zauna yana korar kaji. Wai kada ka iso ka tarar ba a shirye yake ba.

Kirsimeti ta farko ka ce takardunka ba su fito ba. Ta biyu ka ce an yi maku haihuwa. Ta uku ba ka ce komai ba, hoton bishiya mai fitilu ka turo. Kowace ɗaya sai da ya sa aka gyara ɗakinka.

Shi kuwa bai zauna haka nan ba, launi ya shiga nema. Ya ce kan jirgin da ya fara aiki a kai yana saurayi kore ne, kuma ba kowane kore ba. Akwai wani mai fentin mota a garejin bayan layinsu, Muntari. Ka san shi, tunda kai ka riƙa goya shi a keke zuwa Samaru lokacin kana jami'a, ka ajiye shi wajen mai shayi ka shiga aji, kuma kai ka koya mashi baƙaƙen boko da gawayi a bangon bayan gida. Shi ne Baba ya sa yana haɗa mashi launi. Ya haɗa, ya fesa a murfin gwangwanin madara, ya kawo. Baba ya kai murfin rana, ya juya shi, ya ce bai kai ba, wancan ya fi duhu, kamar ganyen mangwaro bayan ruwa. A ƙara baƙi, ya ce an kashe shi. A ƙara ruwan ɗorawa, ya ce wannan ai koren motar haya ne. Murafu suka jeru a taga har suka rasa waje, sannan wata rana Baba ya ɗaga ɗaya, ya sa a aljihun gaba.

Binciken ofishinmu ya tabbatar da cewa wannan Muntarin ɗan iska ne. Shi ne ya taɓa fesa wa zakaran maƙwabta shuɗi a wutsiya, mai zakaran ya kwana uku yana neman abinshi alhali yana gabanshi yana cara. Ba ya iya ganin mutum zaune lafiya. Ka riƙe wannan.

Farkon daminar nan ya shiga shagon Mama Obinna a kasuwar Sabon Gari sayen tina, ruwan nan na tsinka fenti. Ka tuna ta, mai kayan fenti, wadda aka haifa a nan, in tana zagin mutum da Hausa sai ya nemi mai fassara. Ya tambaye ta, haka kawai, ko ta taɓa jin firaimar tagulla. Ko tashi ba ta yi ba, da baki ta nuna mashi kantar kaya. Ga su nan a jere, masu ƙofofin alminiyam ke saye. Daga teburin Baba zuwa kantar nan, tsoho mai sanda ma ba zai yi minti ashirin ba.

Da ya gaya mata wani zai kawo irinta daga Ingila, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce wane jirgin sama ne zai yarda a shiga da gwangwanin fenti na feshi? Ba a jakar hannu ba, ba a cikin kaya ba. Nata ma ta ruwa suke zuwa.

To, Injiniya, ofishinmu na son amsa. Ko dai ka san haka tun ranar da ka yi alkawarin, ko kuma a shekara ukun nan ko sau ɗaya ba ka shiga shago ka tambaya ba, da an gaya maka. Zaɓi wadda ta fi maka sauƙi. Mu duk ɗaya ne a wajenmu.

Mai hankali da ya ji haka, sai ya sayi gwangwani ya kai wa tsoho ya ce ga shi. Muntari ya sayi gwangwanin, wannan gaskiya ne. Amma ya ƙara da na biyu, jan nan na ƙofar ƙarfe. Ya ɓare takardar jikinshi. Ya hau mota har Samaru, inda ɗalibai ke buga takardu, aka buga mashi wata mai Turanci da tutar Ingila, ya manna, ya sa a kwali ya naɗe da salatif kamar abin da ya sha hanya. Ya gayyato abokan aikinshi uku su zo kallo. Lissafinshi shi ne: mutumin da ya shekara talatin yana shaƙar jan firaima a jikin taragu, da ya fesa zai gane. Zai ɗaga sanda, a yi tsere a tsakar gida, kowa ya yi dariya, sannan a zaro na gaskiyar daga jaka. Yana cikin jakar, a kafaɗarshi.

Akwai abin da ba ka sani ba, don ba ka tambaya ba, shi kuma ba zai faɗa maka ba. Idon Baba na hagu ya tafi tun bara. Na dama ma yana bin shi. A asibitin Shika sun gaya mashi abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura da magani. Saboda haka bai iya karanta takardar ba. Muntari ne ya karanta mashi, da Turancin da ya ƙirƙira a nan take, ya ce wani ɗalibi da ya zo hutu ne ya kawo daga wajenka.

Baba ya karɓi gwangwanin da hannu biyu. Ya girgiza shi kusa da kunne. Ya fesa kaɗan a jikin kwalin, ya kai hanci. Muntari har ya gyara tsayuwa don gudu.

Sanda ba ta motsa ba. Ya daɗe yana riƙe da gwangwanin, sannan ya ce: “Ya aiko.” Can kuma ya ce: “Ke nan ba zai zo ba.”

Wannan ne ɗan iskan bai lissafa ba. Shi fenti yake gani, tsoho kuwa ba fenti yake jira ba. Abokan kallo suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke iya sa kasuwa guda dariya, ya kasa cewa wasa nake yi.

Kada ka ɗauka Baba bai gane ba. Ya ce wannan ai jan ƙofa ne, ko a mafarki ya shaƙa zai san shi. Amma ya ce kai ka yi karatu, kana ƙasar da aka ƙera jirgin, ka fi shi sani. Ka ji fa. Hancinshi ya gaya mashi gaskiya, ya ƙaryata hancin don kada ya ƙaryata ka.

Ya ce Muntari ya riƙe mashi tire. An yi ruwa da safen, iska jiƙe take, ranar da ko koyo kake yi ba za a bar ka ka yi feshi ba. Ya fesa da kanshi, kusa-kusa don ba ya gani daga nesa, ya sake bi, ya sake bi. Ƙusoshin nan suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Usur ɗin da aka tankaɗe shara saboda shi ya zama ɗan ƙullutu. Tagogin direba suka toshe. Jan ya riƙa zuba daga ƙafafun yana taruwa a tire. Washegari bai jira ya bushe ba, ya ce a kawo korenshi. Koren na mota ne, tina gare shi mai zafi, ga kuma ɗanyen mai a ƙasa. Kafin a ƙirga goma jikin ya tattare kamar fatar kaza da aka zuba wa tafasasshen ruwa.

Sai ya zare safar. Karo na farko a shekara uku ya ɗora yatsa a kan jirgin, ya bi jikin tukunyar tururin a hankali daga gaba har baya yana laluben ƙusoshi. Bai samu ko ɗaya ba. Ya miƙa wa Muntari ya ce ya ba yara su yi wasa, ko ya jefar.

Tun ranar bai ƙara fitowa ƙofar gida da Asabar ba. Kuma tun ranar ne ya daina ɗaga wayarka. Mun ga ka rubuta a shafinka cewa tsofaffi rigima gare su, mutum ya yi iya yinshi amma ba a gode mashi. Mutum arba'in da wani abu suka tausaya maka. Mun kuma ga hotonshi da ka sa a ranar da kuke ce wa ranar uba, tsohon hoto, lokacin idanunshi biyu. To yanzu ka san dalili. Ba rigima ba ce. Ya ɗauka ka sallame shi ne da gwangwani ɗaya, kuma ko gwangwanin ba ka tsaya ka duba ba.

Jirgin bai je hannun yara ba. Ya sha mako uku a cikin kwanon tina. An bi shi da buroshi, an bi ƙusoshin da allura ɗaya-ɗaya, hannun mai yin ya tsattsage har ya kasa cin tuwo mai yaji. Ƙarfe ɗaya na gefen ƙafa ya ɓalle, an mayar da shi, ya ɗan karkace, wanda ya san jirgi zai gane. Sauran ya dawo tagullarshi fes. Yana nan a naɗe cikin farin ƙyalle a saman kwaba a gareji, gwangwanin firaimar gaskiya a gefenshi, ko murfin ba a cire ba. Aikin minti biyar ne. Na fi kowa iya shi a layin nan, amma ba da ni aka yi alkawarin ba.

To, ka ga na zame. Dama na gaji da wannan babbar rigar.

Yaya Habila, ka tuna ranar da na fasa gilashin motar wani mutum da gwafa, ka ce kai ne, Baba ya zane ka a gabana kana kallona kana kashe mani ido? Ka tuna duk azumi kai ke raka ni sayen ƙanƙara, kana cewa ƙishirwata ta fi damunka fiye da ni? Duk Kirsimeti kwanona daban a gidanku, Baba da kanshi yake kai kazar wajen mahauci Musulmi don in ci. Ban da wani yaya sai kai. Shi ya sa da na rasa wanda zan rama a kanshi, na rama a kan wanda ke kusa. Kai ka yi shekara uku kana yanka shi a hankali, ni na zo na ƙarasa a rana ɗaya. Kada ka ji daɗi wai an samu mai laifi. Wuƙar taka ce, ni aro na yi.

Makon jiya na je gaishe shi. Murafun nan suna taga har yanzu. Ya ɗauki ɗaya ya ce mani wannan koren dai shi ne ya fi kusa. Yaya, baƙi ne ya ɗauka. Wanda na gwada bakin bindigar feshi a kai ne. Na ce mashi haka ne, Baba.

Na san abin da na yi da na sa wannan a shafi. Kafin Lahadi matan zumuntar cocinsu sun karanta, kafin a tashi daga coci maganar ta isa kunnenshi. Ba zan bari ya ji a bakin wani ba. Gobe da hantsi zan ɗauki jirgin in je in tsuguna a gabanshi in faɗa mashi da bakina cewa ba ka aiko da komai ba, ko da jan ƙofa. In ya ɗaga sanda wannan karon ba zan gudu ba. Amma na san shi. Zai ce a miƙo mashi safa. Daga nan ya koma jiranka, da rabin ido ɗaya. Na daɗe ina auna wanne ya fi muni, in bar shi yana ganin ka yar da shi, ko in mayar da shi ƙofar gida duk Asabar. Na zaɓi na biyun, don shi ne kaɗai kake da ikon gyarawa.

Na so in roƙa maka Allah Ya ba ka 'ya'ya irinka, masu aiko kwali. Har na rubuta, na goge, don na ga abin da hakan ke yi wa tsoho, kuma wata rana kai ma tsoho ne. Allah Ya tsare ka inda kake. Allah Ya riƙe wa Baba sauran ganinshi har ya ga koren nan a jikin jirgi, ya ga wanda ke riƙe da tiren. Allah Ya yafe mani abin da na yi wa mutumin da bai taɓa bambanta ni da ɗanshi ba.

Ba sai ka kawo komai ba, firaima na nan. Abu ɗaya zai tambaye ni gobe in na gama magana, ka san shi, na san shi: to yaushe zai zo? Ka ba ni abin da zan faɗa mashi kafin hantsi. In ba ka ba ni ba, shiru zan yi, don na gama ƙirƙira mashi magana da sunanka.

Babu wani ofis, babu wani Sufeto, ko kujera ba ni da ita, a kan tayar mota nake zaune. Ni na manna takardar, ni na karanta Turancin, ni na riƙe tiren.

Ƙaninka,
Muntari mai fenti.